Haƙori a Cikin Bulo

Litinin

Zuwa ga jikata ta ofishin kayan tarihi,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fata kina lafiya, da maigidan naki da yara. Mu nan lafiya lau, sai gwiwa, ita ma tana gaishe ki. Tela ne yake rubuta mini wannan takarda a kan teburin kekensa. Na ce masa abin da na faɗa shi zai sa, kada ya yi mini ado kamar wuyan riga. Kada ki ce me ya hana ni kiranki a waya. Maganar waya ana kashewa ta bi iska. Wannan so nake ta zauna a kan teburinki ta dame ki.

Jikalle, jiya na ga abin da ya hana ni cin abinci. Kin san katangar da ofishinku ya ba da kwangila a zagaye Babban Tudu da ita, wai don a kare kaburburan mutanen farko. To, ɗan kwangilar ya kafa wurin buga bulo a bayan gonata. Na bi ta wurin zan kunto akuya, sai na tsaya ina kallon bulon da aka jera yana shan rana. A jikin guda ɗaya na ga wani abu fari-fari. Na sa farce na ƙwaƙulo shi. Haƙori ne. Matauni, na babban mutum, har ya ci ya suɗe saboda tauna.

Na ce da mai buga bulon, "Kai, a ina kuke ɗebo ƙasar nan?"

Ya nuna mini da leɓe. Ƙananan tuddan nan bakwai na bakin rafi, waɗanda ba su kai ƙugun mutum ba. Ya ce, "Ga ta nan kusa, Baba, kuma babu tsakuwa ko ɗaya. Kamar an tankaɗe ta."

Na taka har wurin. Tudu na farko an cinye rabinsa, kamar kare ya samu burodi. Leburori suna hutawa a inuwar tifa. Sun tono tukunya ƙarama, lafiyayya, ko tsagewa ba ta yi ba, sun ajiye ta a tsakiya suna tofa yawu a ciki, suna karkaɗe tokar sigari. Wani dogo ya ɗora ƙoƙon kai a kan hannun shebur, ya kafa masa hularsa, ya maƙala masa karan sigari a baki, sauran suna ɗaukar hoto da waya suna tuntsira dariya. Da ya gan ni sai ya ce, "Baba, zo ka gaisa da yayanka."

Na ɗaga sanda, na tuna shekaruna, na sauke. Na je bayan dutse na yi amai.

Ki gaya wa ogan naki a tsayar da tifar nan yau, ba gobe ba. Direban motar safe zai kawo miki takardar, shi za ki ba amsa.

Ki gaida mutanen gida.
Kakanki

*

Laraba

Tsohona mai ran ƙarfe,

Na amsa gaisuwarka, kuma na gode. Yara suna gaishe ka, ƙaramin ya ce har yanzu yana jiran ɗan akuyar da ka yi masa alkawari tun bara. Na ba direba man shafawa na gwiwa. Ka shafa shi a gwiwar, kada ka ajiye shi a kan taga yana ado kamar na wancan karon.

Na karanta takardarka sau biyu, kuma raina bai yi daɗi ba. Halin leburorin nan abin ƙyama ne, ko ƙashin mene ne. Na kira ɗan kwangila na yi masa magana, ya ce zai ja musu kunne.

Amma maganar tsayar da aiki, Kaka, ba ni da hurumi. Doka tana kare abin da ke cikin taswira ne kawai, kuma ƙananan tuddan bakin rafi ba sa ciki. Ka fi kowa sanin dalili. Ranar da muka zo awo da oga da mutanen ofis, kai ka shige gaba. Kowa a garin nan ya ce in dai maganar da ce, a tambaye ka. Ka kai mu Babban Tudu, ka cire takalmi, ka ce nan ne makwancin mutanen farko, haka mahaifinka ya nuna maka. Ni da bakina na tambaye ka ƙananan fa, ka ce tsohon shurin gara ne da ruwa ya zaizaye. A kan maganarka na zana taswirar, na sa hannu a ƙasa. Ranar oga har cewa ya yi, "Kin yi sa'ar kaka."

Shi ɗan kwangila ya ce ƙasusuwan jakuna ne, wai a da a can ake jefar da mushe. Game da ƙoƙon kan kuwa, ya ce bai gani ba, kuma leburorinsa sun rantse na biri ne. Ni dai ban gani da idona ba. Amma Tsoho, kai da kwanaki ka gaisa da turmi da yamma kana zaton maƙwabciya ce, ka tabbata abin da ka ƙwaƙulo haƙorin mutum ne?

Saura mako uku a buɗe wurin. An riga an rubuta allo, an gayyaci manya. Na sa sunanka cikin waɗanda za su zauna a layin gaba, don haka ka ba Tela rigarka ya gyara mata aljihu.

Ka huta lafiya.
Jikallenka

*

Asabar

Jikalle,

Bayan gaisuwa. Man ya iso, yana wari kamar garejin mota, amma na shafa.

Turmin da kike yi mini gori da shi, ya fi maƙwabciyar amsa gaisuwa. Ki bar wannan. Na yi kiwon jakuna kafin a haifi uwarki. Na san haƙorin jaki, na san cizonsa ma, ga tabon nan a kafaɗata. Kuma ki tambayi ɗan kwangilar, tun da yake ya taɓa ganin birin da aka binne da duwatsun ado a wuya? Na tsinci guda tara a inda tifa take juye ƙasa, shuɗaye, kowanne da hudarsa.

Jan kunnen da ya yi wa leburorin shi ne, yanzu in sun tono ƙashi ba sa wasa da shi. Fasa shi suke yi da bayan shebur, ya bi ƙasa, ya shiga injin kwaɓa siminti. Jiya na tsaya ina jin ƙarar. Kin san ƙarar da busasshen kara yake yi in an taka? Ita ce.

Na sami ɗan kwangilar a cikin motarsa, ya kunna sanyi, yana sakace. Ya sauke gilashi kamar faɗin yatsa uku. Na ce masa mutane yake kwaɓawa. Ya ce, "Baba, ka kawo mini takarda mai hatimi, yanzu in tsaya. Ni ma ina da iyaye a ƙasa." Sannan ya tofar da abin da ya sakato, ya faɗo kusa da ƙafata, ya ɗaga gilashinsa.

Tudu biyu sun tafi. Inda suke yanzu rami ne, ruwan wanke injin ya taru a ciki, leburori kuma sun mai da shi wurin bawali. Katanga ta kai ƙirji ta gefen hanya. Mutanen gari suna wucewa suna cewa kai, aiki ya yi kyau. Ni in na bi ta jikinta sai in ji kamar ana kallona.

Ga haƙorin nan a cikin kwalin ashana, na naɗe shi da ƙyallen da Tela ya ba ni. Na ce wa direba magani ne don kada ya buɗe. Kuna da masu gilashin ido a ofis, ki ba su su duba. In sun ce na jaki ne, ki dawo mini da shi in nemi gafarar jakin.

Rigar kuwa a bar ta yadda take. Ba inda za ni.

Kakanki

(Ni Tela ina gaishe ki. Tsohon nan ya rame, kuma ya hana ni ɗinki kwana biyu. Ki yi wani abu.)

*

Talata

Kaka,

Gaisuwa. Na kai haƙorin wurin likitar ƙashi ta ofishinmu. Ta duba shi a ƙarƙashin fitila, ta cire gilashinta, ta tambaye ni a ina na samo shi. Na mutum ne. Ta ce daga yadda ya suɗe, da irin duwatsun da ka kwatanta, zai yi wuya bai girmi duk abin da ke cikin sitonmu ba.

Na dawo teburina na buɗe taswira na zauna a gabanta har aka tashi aiki.

Gara ba ta binne mutum da abin wuya. Kai kuma ba ka taɓa rikita gonar wani da ta wani ba, balle kabari da shuri. Ban gaya wa oga komai ba tukuna. Tambaya ɗaya zan yi maka, kuma kada ka ba ni labarin jaki.

Mene ne a cikin Babban Tudu?

Jikarka

*

Alhamis

Jikata,

Ina gaishe ki. Za ki ga rubutun ya sauya. Mai kemis ce take rubuta mini yau, a bayan kanta, ta tura ƙofa. Tela mutumin kirki ne, amma bakinsa ya fi kekensa gudu.

Kin tambaya, ga amsa. A cikin Babban Tudu akwai ƙasa. Akwai baro guda mai karyayyar ƙafa, da gwangwanaye, da tsohuwar taya, da takalmin wani fomen, shugaban leburori, da muka binne masa don mugunta. Mu muka tara shi. Lokacin da aka haƙa tafki don aikin hanya, gemuna bai fito ba, wata huɗu ina ɗaukar ƙasa a kwanon sarki ina juyewa a wurin. Waɗanda muka yi aikin tare duk sun rasu. Ciyawa ta rufe shi, bishiya ta fito a kai, yara suka taso suna tsoronsa. Ni kuma ban ce musu komai ba.

Kaburburan gaskiyar su ne bakwai ɗin bakin rafi. Mahaifina maƙwabta yake kiransu. Bai san sunansu ba, bai san yarensu ba, bai san abin da suke bauta wa ba. Ya dai ce sun riga mu zuwa, kuma ba a noma kan maƙwabci. In garma ta zo kusa sai ya ɗaga ta ya zagaya. In ruwa ya zaizaye gefe sai mu ɗebo ƙasa mu mayar. Haka na yi shekara sittin, ba allo, ba katanga, kuma ko tsinke ba a taɓa cire musu ba.

Za ki ce to me ya sa. Kin tuna zuwan da na yi wurinki da za a duba mini ido? Kika ja ni ofis kina murna, kika sa aka buɗe mini sito don in ga irin aikinku. Na gani. Na ga mutane a cikin kwalayen sabulu, an jibga wani kan wani har rufi. Na ga ƙoƙon kan wata baiwar Allah an rubuta mata lamba a goshi da baƙin alƙalami. Kashin ɓera a cikin ramin idonta. Masinjanku ya ɗora kwanon abincinsa a kan kwalinta yana ci, miya tana ɗiga. Kika ce, "Kaka, ka ga yadda muke adana su?" Na ce na gani. Ba ki lura ba, ranar ban ci abincin gidanki ba.

Da kuka zo da tef ɗin awo da abin hangen nan mai ƙafa uku, na ce a raina, waɗannan in na nuna musu maƙwabta, kwali ne ƙarshensu. Sai na ba ku tulin shara ku yi ta karewa. Na cire takalmi a gaban takalmin fomen. Da na koma gida har dariya na yi, ina ganin na yi wa 'yan boko wayo.

Ban san katanga tana cin ƙasa ba. Ban san duk inda takardarku ba ta ambata ba ya zama na mai shebur. Shekara sittin ba wanda ya kalli wurin, sai da na buɗe baki na ce shuri ne a gaban mutum ashirin, ɗan kwangila yana tsaye yana ji.

Ina ƙyamar leburorin nan, ina ƙyamar mai sakace, ina ƙyamar sitonku har gobe. Amma in na ɗebi ruwa zan wanke fuska, na ga wanda ke cikin kwanon, shi ya fi ba ni tashin zuciya.

Sun fara na uku da safen nan. Ki gyara takardar a hankali, tsakaninki da oga, ba sai gari ya ji ba. Kin san ni ake kira in an yi rigimar iyakar gona ko ta gado. Ba ni da komai a garin nan sai "tsoho ya ce".

Kakanki

*

Asabar

Kaka,

Ina gaishe ka, don haka aka koya mini.

Ka riƙe hannuna muka hau tulin shara. Ina ta zuba a gaban abokan aikina, ina cewa kakana ba ya mantuwa, kakana ba ya ƙarya. Na ɗauki hotonka ba takalmi, yana nan a bangon ofis, an sa masa gilashi. Jiya na cire shi na kifa a cikin durowa.

Abin da ka faɗa game da sito gaskiya ne. Na shiga jiya na kalle shi da idonka, na ji kunya. Da ka faɗa mini ranar, da mun yi faɗa, da wataƙila na gyara wani abu. Amma ka zaɓi ka yi mini murmushi.

Na kai wa oga takardarka da haƙorin. Ba zan maimaita maka abin da ya ce mini ba, kuma ƙofa a buɗe take, kowa ya ji. An karɓe aikin daga hannuna, za a kuma zauna a kaina. Wannan nawa ne, ni na sa hannu ban haƙa ko taku ɗaya na gwada ba.

Ga naka. Babu gyara a hankali. Oga ya ce tsohon da ya ce fari bara, ya ce baƙi bana, ba za a tsayar da kwangila a kan wasiƙarsa ba. A gaban mutane ka faɗi ta farko, a gaban mutane za ka warware ta. Ga takarda nan na haɗo. Za ka tara dattawan gari da ɗan kwangila, a karanta ta da ƙarfi, ka ce ƙarya ka yi, ka dangwala yatsa, shaidu uku su sa hannu. Ranar da ta dawo ofis za a buga hatimin tsayar da aiki, ni zan kawo shi da kaina ko da a ƙafa ne.

Kuma ba zan rufe ka ba kamar yadda ka rufe ni. In sun shiga taswira za a auna su, za a kafa musu allo, kuma ba mamaki wata rana a haƙa ɗaya. Zan yi iyakar ƙoƙarina a mayar da duk wanda aka tono inda aka same shi, amma ban isa in yi maka alkawari ba, yanzu ma da ƙyar ake amsa gaisuwata. Katangar kuma oga ya ce rushe ta za a yi a zubar.

Ko ka dangwala, ko ka ci gaba da zama "tsoho ya ce" har tifa ta gama. Ka ci abinci.

Jikarka

*

Talata

Jikata,

Gaisuwa. Ga takardarku nan, kin ga yatsan. Na danna da ƙarfi don kada oga ya ce bai fito ba.

A wurin buga bulon na tara su. Mai kemis ta karanta, na ce haka ne, ƙarya na yi. Wasu suka yi dariya. Wani ya tofar da yawu. Kafin in kai gida mutum biyu sun tare ni a hanya, suna tambaya ko iyakar da na raba musu ita ma shurin gara ce. Na wuce su na shige gida.

Ki ce wa oga kada ya taɓa katangar. Mutum uku da iyalansu suna cikinta. An tono su sau ɗaya, an niƙa su, ba za a kuma kwashe su a zubar a bola ba. In allo yake so ya kafa, ya kafa a jikinta.

Ɗan kwangila ya ce yatsa ba hatimi ba ne, sai ya ga hatimi. Don haka tun jiya da sassafe na ɗauki tabarma da buta na hau tudu na huɗu na zauna. Tifa ta zo, direban ya sauko, ya durƙusa ya gaishe ni da ladabi, ya tambayi gwiwa. Sannan ya koma mota, ya zagaye ni, ya ja baya ya tsaya a gindin na biyar.

Saura huɗu, ni kuma mazaunaina ɗaya ne. Ki shigo motar safe.

Kakanki